Ranar Da Motar Mai Ƙwai Ta Tashi Da Kanta

Mai Ƙwai ba ta iya roƙo ba, kuma ba ta taɓa ɓoye hakan ba. Da bakinta take faɗa, a gaban kowa, cewa mai roƙo da safe shi ne wanda bai yi shiri ba tun jiya. Ko gishiri ne ya yanke mata, gara ta ci abincinta lami da ta leƙa gidan maƙwabta. Da abin ya tsaya nan da sauƙi. To amma wanda ya zo roƙonta ma sai ya sha wankin baki kafin ya samu, in ma ya samu. A duk layinsu babu wanda harshenta bai taɓa ba. Ta ce wa Tela ɗinkinsa kamar kaza ta bi ta kan yadi. Ta ce wa Mai Faci facinsa ba ya kwana. Rewaya kuwa, mai gyaran wayoyin mota da rumfarsa ke can ƙasan layin, ta taɓa ce masa a gaban masu kawo masa aiki wai ƙazami ne, yana fere waya da haƙori kamar ɓera. Duk gaskiya ta faɗa, shi ya sa ba a yafe mata ba.

Mijinta ya rasu ya bar mata yara da wata tsohuwar a-kori-kura fara. Dangi suka ce ta sayar, ta ce ba da ita ba. Da ma shi ya koya mata tuƙi, sai ta ɗaura ɗamara ta ci gaba da sana'arsa. Da yamma ta je gonar kaji a bayan gari ta ɗauko ƙwai, ya kwana a ɗakin ajiyarta, da sassafe ta rarraba. Babban mai sayenta shi ne gidan burodin da ke ɗaya ƙarshen garin, inda ake yin kek. Tun zamanin uban mai gidan na yanzu take kai musu. Da wannan cinikin ta raini yaranta, kuma shi ne ya sa har ta tsufa ba ta miƙa wa ɗayansu hannu ba. Sauran masu shaguna jefi-jefi ne, yau su saya gobe su ce akwai saura.

Motar ba ta taɓa samun batir na kirki ba, birkin hannunta kuma ya riga maigidan mutuwa. Wannan bai dami Mai Ƙwai ba, domin gidanta a kan tudu yake, layin ya gangara daga ƙofarta har ƙasa. Kullum takan ajiye motar hancinta na kallon gangare, ta bar ta a giya ta biyu, ta sa dutse a gaban tayar ɓangaren direba. Dutsen a ɗaure yake da igiya, ɗaya bakin igiyar a jikin ƙarfen madubi. Da safe in ta gama loda kaya sai ta shiga, ta murɗa makulli, ta taka birki da kuloci, ta fizgo igiyar, dutsen ya shigo ta taga ya zauna a gefenta kamar fasinja. Motar ta fara gangarawa shiru. Daidai shagon Tela ta saki kuloci, injin ya yi tari ya kama. Shekara da shekaru haka, ba ta taɓa cewa kowa ya sa mata hannu ba.

Babban ɗanta ne ya ɓata wannan tsari. Manaja ake ce masa, don yana aiki a wani babban shagon wayoyin hannu a wani gari kuma ba ya rabuwa da lakatayi. Ya zo hutu, ya ga uwarsa tana jan dutse da igiya, kunya ta kama shi. Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da ita. Sai ya lallaɓa ƙanwarta, wadda ke zaune tare da ita tun da nata mijin ya rasu, ta zaro masa makulli daga ƙarƙashin filo. Ya kai motar wurin wasu masu sa wa motoci amsa-kuwwa da fitilu masu launi a bayan kasuwa.

Ranar da ta fara iya fitowa ƙofar gida, ya tsayar da ita, ya ɗaga wayarsa yana ɗaukar hoto da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da wani ɗan baƙin rimot. Ya danna. Motar ta yi ƙara sau biyu kamar ɗan tsako, ta ƙyafta fitilu, ta tashi babu kowa a ciki.

Mai Ƙwai ta dubi motar, ta dubi ɗan.

"Wa ya aike ka?"

Ya ce ai don ta huta ne, yanzu ko daga kan gado za ta tada mota. Ta tambaye shi me za ta yi da mota a tashe ita tana kan gado. Ta nuna masa tayoyin da suka suɗe kamar tafin hannu, da kujerar da ƙarfe ya ɓullo yana tsokanarta, da batirin da ya sa mata, wanda ko makaho ya shafa ya san na hannu ne. Duk bai ga waɗannan ba, saboda ba sa fitowa a hoto. Ya haɗiye, ya ce abu ɗaya dai, ta riƙa barin giya a firi tana jan birkin hannu. Ta ce birkin hannun ya mutu tun shi yana fitsarin kwance. Ya ce zai aiko a gyara. Washegari ya koma wurin aikinsa.

Da za ta iya, da ranar ta jefa rimot ɗin a masai. Sai dai an haɗa abin ta yadda makulli shi kaɗai ba ya aiki sai an fara dannawa. Dole ta bar shi a jikin makullin, ta ƙulle su tare a gefen zaninta inda ta saba ƙulle makulli tun tana amarya. Maganar firi kuwa ko a jikinta. Mota mara birkin hannu a kan gangare, wane mai hankali ne zai bar ta a firi? Ta ci gaba da giya ta biyu da dutsenta.

A ƙarƙashin sitiyari akwai wata 'yar jar fitila da ba ta barci, tana ƙyaftawa dare da rana tana tsotsar batir. Wata safiya abin ya ƙi amsawa. Ta danna, ta danna, ta girgiza, ta zage shi, sai da rana ta ɗaga sannan ya ga dama. Ta isa gidan burodi an riga an aika an sayo ƙwai a wani wuri. Mai gidan, wanda ta sani tun yana rarrafe a cikin buhunan fulawa, ya gaishe ta da ladabi, ya ce mata Inna kwaɓi ba ya jira. Ta ji maganar har cikin ƙashinta, amma ta san da ita ce abin da za ta faɗa ya fi haka.

Ba a yi nisa ba babbar ta faru. Tana cikin loda kaya da safe, ta kai kusan rabi, ta sunkuya za ta ɗauki wani jerin kiret, sai gefen kiret ɗin ya danne ƙullin zaninta. Ta ji kukan ɗan tsakon nan a bayanta. Kafin ta miƙe motar ta zabura, ta haye dutsen, ta kama gangare, dutsen na biye da ita a igiya yana tsalle kamar akuyar da aka ja kasuwa. Ta wuce shagon Tela. Mai Faci ya yi watsi da bahon ruwansa ya faɗa cikin shago. Allah ya sa babu yaro a hanya. Tulin yashin da wani mai gini ya zube a gaban rumfar Rewaya shi ya tare ta, ta cusa hanci ciki, injin ya mutu. Sai hon ya kama ihu, fitilu suna walƙiya, kamar ita aka yi wa laifi.

Mai Ƙwai ta sauko da ƙafa, ba ta yi gudu ba. Bayan motar ya zama tafki. Ƙwai ya fashe tun daga kan gaba har ƙofar baya, gwaiduwa da ɓawo da takardar kiret sun cakuɗe suna ɗiga ta ramukan tsatsa zuwa ƙasa. Ta kira gidan burodi. Wannan karon mai gidan bai tsaya dogon gaisuwa ba. Ya ce akwai wani mai sabuwar mota da ya daɗe yana bibiyarsa, shi kuma yana ƙi saboda mahaifinsa. In gobe ƙwai bai iso kafin a fara kwaɓi ba, to ta yi haƙuri.

Ita kaɗai ta wanke motar, bokiti bayan bokiti daga famfon bakin hanya. Rana ta yi zafi, ƙwan da ya shige cikin tsagogin ƙarfe ya fara dahuwa yana ƙarni. Ƙudaje suka zo kamar an aika musu. Wani kare ya kwanta a ƙarƙashin motar yana lasar ƙasa. Ƙarnin ya shiga farcenta, ya shiga mayafinta, ya tsaya mata a maƙogwaro. Mutanen layin suna zaune a bakin shagunansu, kowa ya duƙufa kan aikinsa fiye da kullum, babu wanda ya yi dariya. Da sun yi da ta fi so, da ta samu wanda za ta sauke a kansa.

Hon ɗin kuma bai daina ba, ya yi shiru ya sake ɓarkewa. Da abin ya ishe ta sai ta aika ƙanwarta ta kawo mata wuƙar kicin. Ta kwanta a ƙasan sitiyari, ta ɓalle murfin roba, ta ga wani baƙin akwati an ɗaure shi da tsinken tayar keke, wayoyi sun shige cikinsa kamar hanji. A ganinta abin kamar kaska ne, in ka cire ta akuya tana nan yadda take. Ta haɗa wayoyin a hannu ɗaya ta yanke su gaba ɗaya. Hon ya yi tsit. Ta zauna ta murɗa makulli. Ko fitilar mai ba ta kawo ba. Ba ta san cewa masu aikin sun datse wayoyin motar na asali sun bi da su ta cikin akwatin ba.

Rewaya yana zaune a kan benci, taku kaɗan daga wurin, yana sakace da guntun waya. Tun safe yake kallo. Ta fito, ta kakkaɓe zaninta, ta tsaya a kansa.

"Rewaya. Aiki na kawo, ba roƙo ba."

"Wurin ɓeran?"

"Wurinsa."

Ya gama sakacensa tsaf kafin ya tashi.

Da ya cusa kai ƙarƙashin sitiyarin sai da ya yi tsaki mai tsawo. Ya ce ta zagayo ta ɗaya ƙofar ta riƙe masa fitila, don ba shi da hannu uku. Haka ta durƙusa, tsohuwa da ita, hancinta dab da hammatarsa, tana kallon abin da ɗanta ya saya mata. Babu mahaɗa ɗaya da aka like da dalma. Duk murɗawa aka yi da hannu aka naɗe da salatif irin na ɗaure kwali, wanda zafi ya narkar ya zama danƙo baƙi mai kama yatsa. Inda salatif ya ƙare musu sai suka ɗaure da leda. A gurbin fiyus sun cusa takardar azurfa ta kwalin taba. Wayar da ke karɓar saƙon rimot an manna ta a bayan madubi da cingam da aka tauna, har sawun haƙori yana nan. Da Rewaya ya kwance tsinken tayar ya jawo akwatin, sai kyankyasai suka watso daga bayansa, manya da ƙanana, don wurin da ɗumi, ɗaya ya bi ta hannun rigarta. A can ƙurya kuma ya zaro wani ƙullin leda da masu aikin suka tura don ƙyuyar fita su zubar, ƙashin kifi ne a ciki ya yi furfura. Ta tuna kwanakin da ta yi tana zargin ƙanwarta da barin wani abu a motar.

Ta kakkaɓe hannun rigarta. Ba kyankyason ne ya fi tada mata zuciya ba. Wannan motar mijinta ya wanke da hannunsa har ya bar duniya, ita kuma ba ta taɓa barin ko ɓawon gyaɗa ya kwana a cikinta ba. Ga shi ɗan da ta haifa ya miƙa ta ga mutanen da suka ci abinci suka goge hannu a cikinta, shi yana waje yana gyara lakatayi.

Aikin ya ci yini. Masu haɗawar, jar waya kaɗai suka yi amfani da ita ko'ina, ita kuma ta zo ta yanke su tsawo ɗaya, don haka babu mai gane wacce ta fito daga ina. Sai da Rewaya ya bi kowace da 'yar fitilar gwajinsa, ya warware danƙon har ya iske launin asali, ya haɗa ja da ja, rawaya da rawaya, ya ɗiga dalma, ya naɗe da baƙin tef. Yana da filaya a aljihu, amma duk wayar da zai fere sai ya kai ta baki, yana kallonta, ya tofar da robar kusa da ƙafarta. Ta ci gaba da riƙe masa fitila. Ya ce wanda ya yi wannan aikin bai kamata a ba shi ko tocilan ya sa wa batir ba. Ta ce ko tsintsiya. Wannan ne karo na farko da bakinsu ya zo ɗaya tun da suka san juna, kuma duk su biyun ba su ji daɗin hakan ba.

La'asar ta yi sanyi ya ce ta murɗa. Fitilun gaban direba suka kawo, dishi-dishi. Kik, mai juya injin, ya yi ƙas sau ɗaya ya tsaya. Rewaya ya ce wayoyi sun koma yadda kamfani ya yi su, amma hon da fitilu sun shanye batirin. Da sauran numfashin da zai kama in an tura, ba dai ya juya kik ba. Nasa batirin yana cikin motar wani, caji kuma babu wuta tun jiya. Ta biya shi haƙƙinsa. Ta ɗaga kai ta dubi gangarenta, yana can sama a bayanta, ba ya da amfanin komai ga wanda ke ƙasa.

Kafin magariba Manaja ya kira, ƙanwarta ta riga ta kai masa labari. Ya fara da cewa ai ya gaya mata ta bar ta a firi.

"Kayanka yana nan a leda," ta ce. "Har da ƙashin kifin. In ka zo ka ɗauka."

Ta kashe wayar.

Gari na wayewa ita da ƙanwarta suka sauko da ragowar ƙwan a ka, sawu bayan sawu, suka jera a bayan motar da har yanzu take ƙarni. Zai ishi gidan burodi, in ya isa da wuri. Suka gwada turawa su biyu, tayoyin gaba suna cikin yashi, motar ko gezau. A lokacin masu shaguna sun fara fitowa. Tela yana share ƙofarsa, Mai Faci yana fito da tayoyi, Rewaya yana kan bencinsa da kofin shayi, ga wasu magina biyu suna jiran mai aikinsu.

Mai Ƙwai ta tsaya a tsakiyar hanya ta ce akwai aikin tura mota, za ta biya. Maginan suka motsa, Tela ya dube su, suka koma suka zauna.

"Mu ba 'yan dako ba ne, Inna," in ji Tela. "Tura motar maƙwabci ba a sayar da shi a layin nan."

Ya ci gaba da shararsa. Ƙanwarta ta matso ta ce a hankali, Yaya bari ni in yi musu magana. Mai Ƙwai ta ce ai motar ba ta ƙanwar ba ce. Rana ta taɓa kan rufin shagon Tela. Ta san a wannan lokacin ake sauke buhunan fulawa a gidan burodi. Ta hango kanta zaune a ɗaki ƙarshen wata, waya a cinya, tana jiran Manaja ya tuna da ita, ya aiko, ya kuma ɗauki hoto. Wannan ya fi ƙashin kifin tada mata zuciya.

Ta gyara mayafinta. Muryar ta fito a bushe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Tela. Mai Faci. Rewaya. Don Allah ku tura ni."

Mai Faci ya sa hannu a kunne ya ce bai ji sosai ba. Tela ya jingine tsintsiyarsa ya ce masa ya isa haka. Rewaya ya shanye shayinsa tukuna. Suka ja motar baya daga yashin, su da maginan, suka daidaita ta a kan miƙaƙƙiyar hanya. Ta shiga, ta ajiye dutsen a gefenta, ta sa giya ta biyu. Suka tura suna nishi, Mai Faci yana cewa wannan ƙarnin sai ya bi shi har gida. Ta saki kuloci. Injin ya yi tari, ya sake yi, ya kama. Ba ta waiwaya ba, ta dai fito da hannu ta taga.

Ta isa ana tankaɗen fulawa. Mai gidan ya dubi ƙwan, ya dube ta, ya ce a shiga da shi.

Kada a ce ta canza. A makon nan ma ta gaya wa Tela aljihun da ya yi wa wani ya karkace. Ta koma ajiye motarta a kan tudu, giya ta biyu, dutse da igiya. Baƙin akwatin kuwa Manaja bai zo ɗauka ba, Rewaya ya rataye shi a ƙusa a bakin rumfarsa yana nuna wa masu son a sa musu irinsa.

Abu ɗaya dai ta yi. Da yammar ranar ta sauko da ƙafa da kwano cike da ƙwai, masu tsagar da ba sa sayuwa, ta dire a kan bencin Rewaya ta ce su raba. Mai Faci ya leƙa ya ce ashe fasassu ne. Ta ce wanda ba ya so ya bari. Har ta juya, sai ta tsaya.

"Yaron nan zai sake zuwa hutu. In kun ga ya nufi motar nan da makulli ni ba na kusa, don Allah ku riƙe min shi har in zo."